Babi na Bakwai: Me Ya Jawo? Yadda Ake Bayyana Dalili da Turanci

A shekarar 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda. Layin ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya zo Ƙaura ya tsaya, har yau kuma bai wuce nan ba. Turawan mulki sun shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. A watan Oktoban shekarar kuma, can a Amurka, kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe, ta ja tattalin arzikin duniya suka faɗi tare. Cikin shekarun da suka biyo baya farashin gyaɗa ya faɗi warwas, mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba.

Da za a tambayi manomin Moriki ko na Kurya na wancan zamani, wataƙila ya ce, "Tun da jirgin nan ya zo, gyaɗa ba ta sake yin daraja ba." Bai yi ƙarya ba. To, a ce jikansa na karatu yau a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, malami ya ce ya mayar da maganar kakan nasa zuwa Turanci. Idan ya rubuta "Groundnut prices fell after the railway arrived", ya faɗi gaskiya, domin jere lokaci kawai ya yi: wannan ya zo, sannan wancan ya faru. Idan kuwa ya rubuta "because the railway arrived", ya ɗora wa jirgi laifin da aka aikata a New York. Duk da haka jirgin bai fita tsaf ba, tunda shi ne ya ɗaure manomin Ƙaura da kasuwar duniya, har faɗuwarta ta iya riskarsa a gonarsa. Ɗalibin da ya gane haka zai rubuta "The railway exposed farmers to the world market", wato jirgin ya buɗe ƙofar da iskar ta shigo.

Abin da wannan babi zai tsaya a kai ke nan. Kalmomin da Turanci ke bayyana dalili da su hawa-hawa ne, kamar matakalar tsani. A ƙasa akwai waɗanda ba su ɗora wa marubuci nauyin komai, a sama akwai waɗanda in ya furta su sai ya kawo hujja. Yawancin ɗalibanmu matakalar sama kaɗai suka sani, watau "because", suna tsalle su dira a kanta ko da hujja ko babu.

Bari mu fara kawar da 'yan ƙa'idojin nahawu, don ba su da wuya, kuma su ne ke cinye maki a jarrabawar WAEC da NECO. Kalmar "because" cikakkiyar jimla ke binta, mai ɗauke da aikatau. Su kuwa "because of" da "due to" da "owing to" suna ne ke binsu. Saboda haka ana cewa "because the border was closed", ko a ce "because of the border closure", amma "because of the border was closed" kuskure ne, kuma ya yi yawa a takardun yaranmu. Wani kuskuren daga Hausa yake tasowa. Mu mukan ce, "Tunda an rufe iyaka, sai kaya suka yi tsada", da "tunda" a gaba da "sai" a tsakiya. Yaro sai ya kwashi duka biyun ya rubuta "Since the border was closed, so prices rose". Turanci ɗaya yake ɗauka: ko "since" a farko, ko "so" a tsakiya. Sai kuma tagwayen nan masu rikitarwa, "result in" da "result from". Na farko sakamako ke binsa, na biyu dalili ke binsa. Wanda ya musanya su ya mayar da ɗa uba.

Nahawu ke nan. Babban aikin shi ne sanin matakalar da hujjarka ta kai ka.

A watan Disamba na 2016 aka fara samun masu ciwon sanƙarau a ƙaramar hukumar Zurmi. Kafin annobar ta lafa a tsakiyar 2017, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. An ɗebi ruwan ƙashin bayan marasa lafiya an gwada, aka ga ƙwayar cutar nau'in C ce. A nan marubuci na da ikon hawa can ƙololuwa ya ce "The outbreak was caused by", domin ɗakin gwaji ya tsaya masa. Amma ƙwayar cuta ita kaɗai ba ta bayyana yawan gawawwakin ba. Allurar MenAfriVac da aka yi wa jama'ar arewa 'yan shekaru kafin nan ta nau'in A ce, ba ta kare mutum daga nau'in C. Allurar da ta dace ta yi ƙaranci a duniya, ta kuma iso a makare. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga cunkoso a ɗakunan kwana. Waɗannan ba su haifi cutar ba, sun dai ba ta hannu, kuma Turanci na da kalmominsu: "contributed to" ga abin da ya taimaka, "worsened by" ga abin da ya ƙara dagula lamarin.

A watan Afrilun 2017 gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa annobar horo ce daga Allah saboda saɓon da ake yi, musamman zina. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a, ya ce allura ya kamata a nema. Yaya mai rahoto zai rubuta maganar gwamnan? Musulmi ya yi imani babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah, malamai kuma sun daɗe da bambance Mai hukuntawa da sabubban da yake gudanar da hukuncinsa ta kansu. Aikin mai rahoto a wajen sabubban yake. Abin da zai rubuta shi ne "The governor attributed the outbreak to", ko "blamed the outbreak on". Da waɗannan kalmomi ya rataya maganar a wuyan mai ita, bai gaskata shi ba, bai ƙaryata shi ba, ya bar mai karatu ya ajiye ta kusa da sakamakon gwaji ya auna da kansa.

Annoba ma da sauƙi, tunda akwai na'urar da ke nuna mai laifi. Tsadar abinci ba ta da na'ura. A ɗauki shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin kwanaki farashin hukuma na litar fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 a arewa. A tsakiyar Yuni babban banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ta zube. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ta ɓangaren Nijeriya ba sai Maris na 2024. Abu uku cikin wata biyu. Tun kafin su, yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya riga ya tsadar da takin zamani. A ƙarƙashin duka kuma akwai abin da mai sayen gero a kasuwar mako ta Shinkafi ya fi kowa sani: gonakin nesa da gari ba sa nomuwa, waɗanda aka noma ma sau da yawa sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe.

Wakilin jaridar waje zai ɗauki juyin mulki, don shi editansa ke bibiya. Na Legas zai ɗauki tallafin mai. Kowannensu zai rubuta "because", kowanne kuma ya faɗi kashi ɗaya na gaskiya ya ba da shi a matsayin duka. Jimlar da ta fi kusa da abin da ya faru sai ta ɗauki kaya da yawa: "Grain prices rose partly because of the border closure, compounded by higher transport costs and the loss of farmland to armed groups." Kalmar "partly" ƙarama ce, amma ita ce ta hana jimlar zama ƙarya, "compounded by" kuma tana nuna wata wahala ta hau kan wata.

Akwai wata kalma da 'yan jaridar Turanci ke ƙauna ƙwarai, wato "amid". Ma'anarta abu ya faru ana cikin wani hali: "Prices rose amid tension with Niger." Ba ta ce tashin hankalin ne ya jawo ba, ta dai ajiye su kafaɗa da kafaɗa ta koma gefe. Ita da "after" da "following" su ne matakalar ƙasa. Idan marubuci bai san dalili ba tukuna, amfani da su gaskiya ce da sanin ya-kamata. Sai dai ni ina ƙyamar yadda ake yawan amfani da su don a ɗarsa wa mai karatu zargi ba tare da an ɗauki alhakinsa ba. Mai karatu ya tashi da tabbacin wannan ne ya jawo wancan, in aka tuhumi marubucin ya ce shi bai faɗa ba.

Wani wurin da Bahaushe ke tuntuɓe shi ne tsakanin dalili da manufa. Kalmarmu "don" tana aiki biyu: "ya tafi don an kore shi", "ya tafi don ya sayi hatsi". Ta farko tana duban baya, ta biyu tana duban gaba. Turanci ya raba musu gida. A farkon Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar ta Bello Matawalle, kwana kaɗan bayan sace ɗaliban makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Mai rubutu zai iya duban baya ya ce "because armed groups were using the networks", ko ya dubi gaba ya ce "to cut off informants", ko "in a bid to", wadda ke nuna yunƙuri ne aka yi. Abin lura shi ne manufa ba ta ce an yi nasara ba. Sakamako jimlarsa daban, da "led to" ko "as a result", kuma shi ma sai an bincika. Sakamakon da kowa ya gani da idonsa shi ne ɗan kasuwa ya kasa tura kuɗi, mai ɗa a Kano sai ya fita jihar kafin ya ji muryarsa, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira ɗauki. Ko matakin ya rage hare-hare, wannan magana ce da har yau ake jayayya a kai, don haka wurinta bakin masu faɗinta: "officials said", "residents disputed".

Yanzu ga babbar tambayar, wadda duk mai rubutu daga wannan yanki zai ci karo da ita ko ya so ko ya ƙi: me ya jawo ta'addancin daji? Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya yarda. Rigimar tana wajen sunan abin da ya tsamar da shi.

Masu nazarin al'amuran duniya sukan raba tushe da abin da ya kunna wuta. Ranar 17 ga Disamba 2010 wani mai tallar kayan marmari, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid na Tunisiya, kafin wata guda ya cika Shugaba Ben Ali ya gudu. Ba wanda zai ce mutuwar mutum ɗaya ce ta haifi boren ƙasashen Larabawa. Rashin aiki da danniya na shekaru su ne "root causes", abin da Bouazizi ya yi shi ne ya "triggered" ko ya "sparked" boren. Boren ya kai Libiya, aka kashe Gaddafi a Oktoban 2011, rumbunan makamansa suka watse cikin Sahel. Daga nan ne aka samo jimlar da ake ta maimaitawa, cewa faɗuwar Gaddafi ce ta jawo abin da ke faruwa a Zamfara. Zurmi na da iyaka da Nijar, kuma ba shakka makamai na ratsowa. Amma a 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da binciken makaman da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta samu na Libiya a ciki, ta kuma samu waɗanda suka fito daga Kodebuwa, da na rumbun jami'an tsaron Nijeriya kansu, da ƙirar maƙeran gida masu yawa. Ban da haka, bindiga ba ta harba kanta. Ta mayar da faɗan sanda da adda ya koma na kisan gommai a dare ɗaya, wannan kuwa shi ake cewa "fuelled" ko "escalated". Wanda ya rubuta "caused" ya wanke duk wanda ke cikin gida ya kai laifin Tarabulus.

Haka batun sauyin yanayi, wanda rahotannin ƙungiyoyin waje suka fi so, wataƙila don shi masu ba da tallafi suka fi ganewa. Gaskiya ne ƙasa ta gaji, jama'a sun ƙaru, fadamu sun matse. To amma an yi farin 1973 da na 1984, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ƙaura, ba a ga ana kwashe ƙauye guda ana neman kuɗin fansa ba. Kuma tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsere, arewa suka nufa, suka shiga jihar Maraɗi, ƙasar da ta fi tasu ƙarancin ruwan sama. Da fari ne kaɗai ke kawo bindiga, da can za a guje wa. Matsayin sauyin yanayi a jimla shi ne "a contributing factor", ba fiye da haka ba.

Idan ka zauna da dattawan Shinkafi ko na Zurmi ka ce musu, da bakin can, "Mi ya kawo wanga abu?", jerin da za su kawo maka daban ne. Za su ambaci burtali da makiyaya da aka yanka aka mayar gonakin masu hali, da satar shanun da aka yi shekaru ana kai ƙara ba a ga sakamako ba, da makiyayin da ake tatsa a gaban hukuma duk lokacin da saniyarsa ta shiga gona, da 'yan sa-kai da suka riƙa kashe Fulani a kasuwa ba shari'a, da ramuwar gayyar da ta biyo baya ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi ba za su jera su iri ɗaya ba, kowa inda aka fara cutarsa nan yake fara ƙirga. Daga baya kuma kuɗin fansa suka zama sana'a mai cin gashin kanta, wadda ba ta buƙatar tsohuwar gaba kafin ta ci gaba. Turanci na da hanyar ɗaukar wannan sauyi a jimla ɗaya: "What began as a dispute over land and cattle is now sustained by ransom." Abin da ya fara rikici daban, abin da ke riƙe da shi yau daban. Sannan bayyana dalili ba wanke mai laifi ba ne. Lokacin da madugun 'yan bindiga Bello Turji ko wani irinsa ya ce zaluncin da aka yi wa Fulani ne ya sa shi ɗaukar makami, marubuci zai sa "he claims" ko "citing", ya bar kalmar "because" a aljihunsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi wa kowane dalili: in an cire shi, abin zai tsaya? A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, bisa hujjar cewa zinari ne ke ciyar da 'yan bindiga. Haramcin ya kai har Disamba na 2024. A tsakanin nan aka sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, aka katse waya, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama abin tsoro. Manyan ramukan zinari ma suna wajen Anka da Bukkuyum da Maru ne. Mai gardama zai ce ai haramcin a takarda ya tsaya, ba a daina haƙa ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa kalmar da ta dace a nan ita ce "despite": hare-hare sun ci gaba duk da haramcin. Ta nuna dalilin da aka bayar bai wadatar ba, ba ta kuma ce zinari ba shi da hannu ba.

Idan maganar ta shafi mutum mai suna, kuskuren matakala na iya kai marubuci gaban alƙali. A Afrilun 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin tare da na Ɗansadau. Jaridun Turanci sun ce an tuɓe su "over alleged links" da 'yan bindiga. Garkuwa biyu ce a nan: "over" na nufin a kan batun kaza, "alleged" na nufin zargi ne. Gwamnati ce ta yanke, bisa rahoton kwamitinta, kuma kwamiti ba kotu ba ne. Ɗalibin da ya ga jimlar ta yi masa tsawo ya gajarce ta zuwa "because he helped bandits" ya yanke hukuncin da ba shi da hurumin yankewa.

Sai dai taka-tsantsan ma yana da nasa haɗarin, idan ya kai ga shafe wanda ya yi aikin. A Fabrairun 2018 'yan bindiga suka tare wata mota a kusa da Birane cikin ƙaramar hukumar Zurmi, suka buɗe wa fasinjoji wuta, mutum gommai suka mutu. Irin wannan labari yakan isa jaridun duniya da siga kamar "Dozens were killed in communal clashes". A duba abin da jimlar ta yi. Sigar "were killed" ta ɓoye mai kisan. Kalmar "clashes" ta ce arangama aka yi tsakanin ɓangare biyu masu makami, alhali ɓangare ɗaya 'yan kasuwa ne a bayan mota. Kalmar "communal" kuma ta shigo da dalili ta bayan gida, ta ce faɗan ƙabila ne, ba tare da ta kawo shaida ko ɗaya ba. Mai rahoton da ke Zurmi, wanda ya ji daga bakin waɗanda suka yi jana'iza, zai rubuta "Gunmen stopped a vehicle near Birane and shot the passengers." Dalilin harin kuwa, in bai tabbata ba tukuna, sai ya ƙara da "The motive was not immediately clear", ya kawo abin da 'yan sanda suka ce da abin da mutanen gari suka ce, kowanne da sunan mai faɗinsa.